Jujin Birni da Gonar Ƙauye

A dā, wanda ya fita bayan ganuwar Kano zai ga gonaki sun haɗe, wannan na jikin wannan, da ƙyar zai sami saura ko jeji. Waɗansu gonakin tun zamanin kakanni ake nomansu kowace shekara, ba a taɓa barinsu su huta ba. Ga al'ada kuwa gona in ta sha noma takan gaji. To, me ya hana waɗannan gajiya? Babban dalili shi ne taki, takin nan kuwa wani rabo nasa daga jujin birni yake fitowa.

Mutanen dā ba su cika zubar da abu a banza ba. Karan dawa a yi danga da shi, ko a hura wuta, tokar ta tafi juji. Harawar wake da ta gyaɗa a ba tumaki da awaki a turke, kashinsu ya zama taki. Ƙwarya in ta fashe mai gyartai ya ɗinke ta, tsohuwar garma maƙeri ya mai da ta wani abu. Har katsin da ke kwanta a gindin marina akan kwashe a ƙona, a haɗa da gashin jima, a yi laso na shafen soro. Abin da ya saura bayan wannan duka, ƙasa tana iya cinye shi.

Da rani ya yi, sai mutanen ƙauye su ɗoro wa jakuna itace da kara su shigo birni su sayar. In za su koma, su cika mangaloli da takin juji da na turakun birni. A gona akan tsiyaye shi tsibi-tsibi, a bar shi sai ruwa ya sauka a baza. Ta haka birni ya sami mai rage masa shara, ƙauye ya sami abincin ƙasarsa, hatsin kuma ya komo kasuwar Kurmi. Wani masani Bature, Michael Mortimore, ya bincika ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya tarar wannan ciniki yana ci sosai, musamman a ƙauyukan da jaki ke iya zuwa ya komo a yini guda.

Amma kada a zaci birnin dā tas yake. Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ba da labarin kududdufai masu wari a tsakiyar gari. Masu jaki abin da gona ke so suke ɗauka, sauran ƙazanta kuwa tana nan inda aka zuba ta.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sannu a hankali sha'anin tsabta ya shiga hannun En'e. Aka ɗauki dubagari suna shiga gida-gida, suna duba randa da masai da kwata, wanda aka samu da ƙazanta a kai shi gaban alƙali. Umurni yakan fito daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. In hanya ce za a share ko rijiya za a yashe, sai a kira gayya. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka, don talakawa su sami bakin faɗin abin da suke bukata. A 1976 aka yi babban gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a dukan Nijeriya. Yau su 774 ne, 44 a Jihar Kano, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukansu.

A shekarun nan ne abubuwa uku suka sāke. Na fari, gwamnati ta kawo takin zamani da arha, musamman daga 1976, har waɗansu suka raina na gargajiya. Na biyu, birni ya yi faɗi ya cinye gonakin kusa, tafiya ta yi wa jaki nisa, sai tifa ta karɓi aikin, mai kuɗin tifa kuwa shi ke samu. Na uku, wanda ya fi muni, leda ta shigo. Juji ya cika da leda da roba da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Manomi ya sayi mota guda, ya kwana biyu yana tsinta, abin da ya kuɓuce masa iska ta watsa, akuya ta haɗiye ta rame ta mutu. Wadda ta rage a birni ta toshe magudanan ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje.

Da takin zamani ya yi tsada, sai aka tuna da na gida. Binciken da aka yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa a shekarun 1990 ya nuna har lokacin harawa da turke da taki su ne ke riƙe da ƙarfin ƙasa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, jama'a, ga abin da tarihin nan ke koya mana. In an zauna tsara ayyukan ƙauye, kowa rijiya da makaranta da asibiti yake ambata, ba mai tuna juji. Alhali kuwa abu ne mai sauƙi dagaci da kansila su keɓe fili nesa da rijiya, a haƙa ramin taki, kowane gida ya raba shara biyu tun daga tsakar gida: mai ruɓewa ta tafi rami, leda da ƙarfe a tara wa 'yan bola jari su saya. Ku da kuka iya karatu da rubutu, ku ne za ku rubuta wannan bukata ku kai majalisa, ku bi sawunta har ta shiga kasafin kuɗi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.