Lambobin da ba su rabuwa

Mai karatu, ɗauki goro 12. Kana iya raba shi daidai ga mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. To, ɗauki goro 13. Duk yadda ka yi, sai wani ya yi saura, in ba mutum 13 ka ba ɗaya-ɗaya ba. Haka 2, 3, 5, 7 da 11 suke. Su ne lambobin da ba su rabuwa.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani malami mai suna Yukilid, a birnin Iskandariya ta Masar, ya tabbatar da cewa ba su da iyaka. Kowace ka samu, akwai wadda ta fi ta. Tun daga nan masana suke farautar manyansu.

Ga wata hanya da suka bi. Ninka 2: ka samu 4, 8, 16, 32. Cire 1 daga 32, saura 31, ba ta rabuwa. Amma hanyar ba kullum take kai wa ba. Ci gaba da ninkawa har 2.048, ka cire 1, saura 2.047. Wagga tana rabuwa: 23 sau 89. Ɗauki allonka ka gwada.

A shekarar 1644, wani fada ɗan Faransa, Maran Marsen, ya jera lambobi irin waɗannan da ya ce ba su rabuwa. Har yau da sunansa ake kiransu. Cikinsu akwai wadda ake samu in an jera 2 guda 67 an riɓanya su an cire 1, da kuma ta 2 guda 127.

Aka shekara fiye da 200 ba a warware zancen ba. Sai a 1876, Edwar Luka, shi ma ɗan Faransa, ya zauna da alƙalami da takarda ya tabbatar da cewa ta 127 ba ta rabuwa. Tsawonta lamba 39 a jere. Ta 67 kuwa, Marsen ya yi kuskure. A 1903, Farank Kol, ɗan Amurka, ya nuna lambobi biyu da suka raba ta: 193.707.721 sau 761.838.257.287.

Daga 1952 kwamfuta ta karɓi aikin. A watan Oktoba na 2024 aka gano wata mai lamba 41.024.320 a jere. Da za ka rubuta lamba ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, sai ka shekara ɗaya da wata uku ba ka gama ba.

Ka ga, Marsen babban malami ne, amma girmansa bai hana a bi sawun lissafinsa ba. Kai ma, ranar da aka auna gyaɗarka aka gaya maka kuɗinta, fito da alƙalaminka ka sake lissafin da kanka.