Ambulan Mai Ruwan Ƙasa: Tarihin Tafiyar Hoton Asibiti Daga Malikanci Zuwa Shika

Maƙalarmu ta wannan makon tarihi ce, kuma ta shafi wani wuri da alƙalumanmu suka saba ratsawa a guje, wato sashen ɗaukar hoto na asibiti. A yawancin labaranmu, da zarar mota ta kaɗe jarumi sai mu ga likita ya ɗaga baƙin fim sama, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Alhali tsakanin faɗuwar jarumin da girgiza kan likitan akwai aiki jibgi, na takarda da na na'ura, wanda aka shafe fiye da shekara 100 ana gyara masa zama. Za mu bi tarihin ta idon mutumin Malikanci a ƙasar Ikara da maƙwabtansa na Makarfi da Kudan, domin na nesa da babban asibiti shi ya fi kowa sanin nauyin hoton nan.

Asalin abin a Jamus ne. Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a garin Würzburg, Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka ya bar inuwar ƙashi. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Shi ne eksire da muka sani yau. A farko kan farantin gilashi ake ɗaukar hoton, ga nauyi ga saurin fashewa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya datse gilashin da ake kawowa daga Beljiyam, sai aka karkata ga fim. Shi kuma fim na lokacin makamashin wuta ne. A watan Mayu 1929 tarin finafinan da aka jibge a ɗakin ƙasa na wani asibiti a Cleveland ta Amurka ya kama da wuta, hayaƙinsa mai guba ya kashe mutum 123. Ke nan tun daga tushe wahalar sana'ar kashi biyu ce: ɗaukar hoto, da sanin inda za a ajiye shi a kuma same shi ranar da ake nema.

A Najeriya, Babban Asibitin Legas ne ya fara samun injin eksire a 1913. Mu nan ƙasar Zazzau, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya samo asali a 1967, ya daɗe yana aiki a rarrabe tsakanin Tudun Wadar Zariya da Kaduna da Malumfashi, kafin ya tare a Shika a 2005. A 1987 aka kafa hukumar yi wa masu ɗaukar hoton asibiti rajista, a shekarar ce kuma asibitin koyarwa na Ibadan ya samu na'urar CT ta farko a ƙasar.

To, mu koma gida mu ga yadda aikin yake a zamanin fim. Manomi ya faɗo daga babur a hanyar kai rake kasuwar Makarfi. Yawanci mai ɗori ake fara kira, kuma sau da dama a nan magana ke ƙarewa. In ƙafa ta ƙi, sai asibitin Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi. In ta fi ƙarfinsu, a rubuta masa takarda, ya fito ta Tashar Yari ya kama hanyar Zariya. Can likita zai cike 'yar takardar neman hoto: suna, shekaru, gaɓar da za a ɗauka, da abin da yake zargi. Ya je ya biya ya kawo rasit. Akawu ya buɗe ƙaton littafin rajista ya ba shi lamba. Mai ɗaukar hoto ya kwantar da shi, ya ɗora wani ɗan harafin dalma a gefen kaset don a bambance dama da hagu, ya ce kada ya motsa, in ƙirji ne kuma ya ce ya riƙe numfashi. Daga nan kaset ya wuce ɗakin duhu, inda ba fitila sai wata 'yar ja. A tsoma fim a ruwan da ke fito da hoto, a ɗauraye, a tsoma a ruwan da ke kama shi, a wanke, a rataye ya bushe. Kamfanin Kodak ya fitar da injin wanki a 1956, zuwa 1965 an rage aikin zuwa daƙiƙa 90, amma ƙananan asibitoci da yawa sun ci gaba da wanki da hannu shekaru masu yawa bayan haka. In ruwan ya tsufa hoto ya fito dishi-dishi, sai a sake. Wanda ya yi kyau a sa shi a ambulan mai ruwan ƙasa, a kai wa likitan hoto ya manna a akwatin haske ya rubuta rahoto.

Abin lura a nan, fim ɗin ɗaya ne tak. In yana hannun likitan ƙashi, ba ya hannun likitan hoto. In ya ɓata, ya ɓata. Manyan asibitocin Turai sun gina ɗakunan ajiya da ma'aikata na musamman, duk da haka finafinai suna salwanta. Mu kuwa hanya mafi sauƙi aka bi, aka miƙa wa majiyyaci ya tafi da abinsa. Sai ya zama shi ne rumbun, shi ne masinja. Wanda ya tashi a karkara ya san inda ambulan nan ke kwana: ƙarƙashin katifa, ko cikin adaka tare da takardar gona, ko a soke a azarar ɗaki. Damina ta jiƙa shi, gara ta ci ambulan, zafin bazara ya lanƙwasa fim. Akwai ma masu yawo suna sayen tsofaffin finafinai, saboda azurfar da ke jikinsu.

Wani zai ce to mene ne, tunda an riga an duba? A nan gizo ke saƙa. Rabin aikin likitan hoto kwatantawa ce. Inuwa a huhu, in an gan ta a hoton shekara uku da suka wuce kuma ba ta canja ba, mai yiwuwa tabon tsohon ciwo ne. In babu ita a da, ko ta ƙaru, magana ta sauya. Ranar da tsohon fim ya ɓace, likita ya rasa ma'auni, majiyyaci ya sake biyan kuɗin mota da na hoto, ya sake shan hasken da ake so a taƙaita masa.

Kwamfuta ta shigo ta ƙofar CT. Na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera ta ɗauki kan majiyyaciya ta farko a Landan a 1971, kuma hotonta lissafi ne tun daga haihuwa, sai daga baya a buga shi a fim. A 1983 kamfanin Fuji ya kawo farantin da ake karantawa da na'ura a goge a sake amfani da shi, eksire na yau da kullum ma ya fara rabuwa da ɗakin duhu. Sai wata sabuwar matsala ta kunno kai: kowane kamfani da yarensa, hoton injin wannan ba ya buɗuwa a kwamfutar wancan. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki suka zauna suka fitar da ƙa'ida a 1985, aka yi ta gyara har ta zama DICOM a 1993. Ita ce Hausar kasuwar injinan asibiti, kowa da harshen gidansu amma da ita ake ciniki.

Tsari biyu ne suka gaji littafin rajista da ɗakin ajiya. Na farko ana ce masa RIS, shi ne akawu: ya karɓi buƙatar likita, ya tsara layi, ya ba kowane awo lambarsa, ya san wanda ya biya, ya adana rahoto. Na biyu PACS, wanda aka fara babban taro a kansa a Kalifoniya a 1982, shi ne rumbu: ya karɓi hotuna daga injina ya ajiye, ya miƙa wa duk likitan da ke da izini. Da an yi wa mutum rajista, sunansa zai bayyana a allon injin, mai ɗaukar hoto ya taɓa kawai ba sai ya sake rubutawa ba. Hoto ya tafi rumbu, rumbu ya zaƙulo tsofaffin hotunansa ya jera a gefe, likita ya rubuta rahoto, rahoto ya koma wa wanda ya nema. Likita goma na iya kallon hoto ɗaya a lokaci guda. Asibitin Hammersmith na Landan yana cikin na farko da suka yi sallama da fim a shekarun 1990, zuwa ƙarshen 2007 kuma tsarin ya game asibitocin gwamnati na Ingila.

Duk wannan gini a kan abu ɗaya ya tsaya, wato na'ura ta tabbata wannan mutumin shi ne wancan. Kowane hoton DICOM yana ɗauke da suna da lambar majiyyaci da ranar haihuwa a cikinsa. Waɗanda suka tsara shi sun taso ne a inda kowa ke da sunan dangi da takardar haihuwa. Yanzu mu auna da namu. Hauwa Musa nawa ce tsakanin Paki da Likoro? Mace ɗaya tana iya zama Hauwa'u a katin awon ciki, Kulu a bakin mijinta, Jummai a bakin uwarta. Yau a rubuta ta da sunan uba, gobe da na miji, jibi da sunan gari. Muhammad, Mohammed, Mamman, a wurin kwamfuta mutum uku ne. A tambayi dattijo shekarunsa ya ce an haife shi shekarar da aka yi fari, akawu ya ƙiyasta ya sa 1 ga Janairu, shi ya sa rabin ƙauye suka zama tagwaye a rajista. Kati ya ɓata, a yanki sabo da sabuwar lamba, tarihin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Mafi muni shi ne akasin haka, a haɗe mutum biyu a lamba ɗaya, a karanta huhun wata da sunan wata. A ganinmu, akawun da ke zaune a tagar rajista yana tambayar sunan kaka da unguwa ya fi injin miliyoyi riƙe lafiyar tsarin, ko da yake ba mu taɓa ganin an ba shi ko layi biyu a littattafanmu ba.

Sai maganar wuta. Uwar kwamfutar da ke riƙe rumbu tana son lantarki dare da rana da ɗaki mai sanyi, hoton CT guda kuma yakan zo da yanka ɗaruruwa. Inda wuta da intanet ba su tsaya ba, ko inda rumbun wannan asibiti bai san na wancan ba, sai a koma gidan jiya: a zuba hoto a faifan sidi ko a buga a fim, a miƙa wa majiyyaci. Ambulan ya ƙanƙance, masinja dai bai sauya ba. Jama'a kuma suka ƙirƙiro tasu hanyar, a ɗaga fim a taga a ɗauka da waya a tura wa likita ta WhatsApp. Ta ceci mutane da yawa daga tafiyar banza, wannan gaskiya ne. Sai dai hoton asali yana da matakan inuwa dubbai tsakanin fari da baƙi, na waya 256 kawai, manhajar kuma tana matse shi. Karaya babba za ta fito, siririn tsagu yana iya ɓacewa. Ga kuma sunan mai shi a kusurwa yana yawo daga waya zuwa waya, alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 sun ɗauki bayanin majiyyaci a matsayin sirri.

Babi na baya-bayan nan tarin fuka ne ya buɗe shi, ciwon da mutanen yankinmu suka daɗe suna kai wa cibiyar Saye da ke Zariya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tace masu tibi. Injinan sun ƙanƙance har ana goya su a jaka, ƙungiyar KNCV kuma ta ɗora su a manyan motoci da Keke Napep a jihohi ciki har da Kano. A nan hoto ne ya taso ya zo wa mutum har ƙofar gida. A tsaya a inuwar kasuwa, a ɗauka, cikin ɗan lokaci manhajar CAD4TB ta ba da maki tsakanin 0 da 100. Wanda makinsa ya haura, a karɓi majinarsa a gwada, domin hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sakamakon gwajin yakan bi lambar wayar da aka rubuta a rajista, kuma a ƙauyukanmu lambar nan sau da yawa ta ƙanin miji ce, ko ta maƙwabci, ko ta mai shagon cajin waya.