Daga Baitulmali zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Tarihin Binciken Kuɗin Jama'a a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta daɗe da sanin biyan kuɗi ga hukuma, amma al'adar bin sawun kuɗin bayan sun bar hannun talaka ba ta kai al'adar karɓarsu tsufa ba. Masarautar, wadda Mangawa suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, ta zauna a ƙarƙashin inuwar Borno tana aika gaisuwa can, ba ta kuma shiga daular Sakkwato ba. A wancan zamani babu iyaka tsakanin dukiyar sarki da ta ƙasa, domin abin da hakimai da bulamai suka tattaro na hatsi da dabbobi da wuri, shi ake ciyar da fada da shi, a sayi dawakin da za a tari Damagaram ko Haɗeja, a yi wa malamai da baƙi alheri. Abin da ke taka wa mai karɓa burki shi ne al'ada da tsoron Allah, sai kuma sanin cewa talakan da aka matsa wa yana iya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa, ya bar masu mulki da kufai.

Bayan da Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkin Ingila a 1903, aka sanya masarautar cikin Lardin Kano, sai dokar haraji ta 1906 ta tattara kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa ta mayar da su haraji, wato kuɗin da kowane baligi namiji ke biya, da jangali, wanda ake biya a kan shanu. Babban sauyi ya zo ne da Baitulmali, taskar da wani jami'in Turawa mai suna Palmer ya fara gwadawa a Katsina kafin a shimfiɗa ta a masarautun Arewa daga 1911. A wannan tsari gwamnati na ɗaukar rabonta, wanda da farko rabi ne a manyan masarautu, saura kuma ya shiga taskar En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta. Sarki da hakimai da alƙalai suka koma cin albashi, aka ɗora wa Ma'aji alhakin littattafai, aka kuma wajabta rubuta kiyasi, wato ƙididdigar abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe a shekara, wanda ba ya aiki sai Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, ya duba an amince.

Ya kamata a dubi yadda aikin yake gudana a ƙasa, domin a nan ƙarfin tsarin da rauninsa suke. Da kaka ta yi, malamin haraji kan zauna a ƙofar gidan dagaci da littafinsa, ana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, wanda ya biya a yanka masa rasit, shi kuwa ya naɗe takardar ya adana ta, saboda ɗan doka na iya tambayarsa ita a kasuwa ko a hanya. Kuɗin su bi ta hannun hakimi zuwa Baitulmali, inda ba a fitar da ko kwabo sai da bauca, wato takardar shaidar biya mai ɗauke da sa hannu, kuma Di'o, wato Baturen da ke kula da yanki, na iya faɗowa ba sanarwa ya sa a ƙirga abin da ke cikin akwati a gwada da abin da ke littafi. Da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa a 1930, cinikin gyaɗa ya ƙara shigo da tsabar kuɗi, biyan haraji da sulalla ya zauna sosai. Sai dai wannan bincike yana farawa ne daga inda alƙalami ya taɓa takarda. Abin da mai karɓa ya ɗora a kan talaka fiye da ƙa'ida, da shanun da aka ƙirga aka karɓi jangalinsu ba a rubuta ba, duk ba sa bayyana a littafin da Di'o ke dubawa. Bugu da ƙari, bayanin yana hawa sama ne kawai, daga Ma'aji zuwa Di'o, daga Di'o zuwa Razdan, har rarar kuɗin wasu baitulmalai a kai ta ajiya London, alhali wanda ya biya ba shi da zauren da zai tambaya ina aka kai guminsa.

Wannan giɓi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo a Majalisar Arewa a watan Agusta 1950, lokacin da ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa matsayin majalisa a gefen sarki, kwamitocin kuɗi suka samu gindin zama, makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya kuma ta riƙa horar da ma'aji da akawu. Misalin da ya fi girgiza lardin shi ne binciken da wani jami'in Turawa mai suna Muffett ya yi wa kuɗin En'e ta Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Ƙananan masarautu irin su Gumel da Kazaure sun ga cewa littafin kuɗi na iya kayar da babban gadon sarauta, amma sun kuma ga cewa binciken ya yi kaifi ne saboda gwamnatin Kaduna ta so ya yi, ba don masu biyan haraji sun samu ikon tuhuma ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, sarakuna suka koma masu ba da shawara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Babu mai adalcin da zai yi kewar wulaƙancin da aka sha a wajen karɓar waɗannan kuɗaɗe, soke su kuwa jinƙai ne da talakawa suka daɗe suna jira. Duk da haka, abin da ya biyo baya ya cancanci nazari, domin daga lokacin mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma ya zama kason da ke saukowa daga asusun tarayya, kuma mutumin da a da yake jin zafin rabuwa da sulallansa ya fara kallon kuɗin hukuma a matsayin dukiyar gwamnati wadda ba tasa ba.

A kan takarda, matakan tsaro ƙaruwa suka yi. Gyare-gyaren zamanin Babangida sun kawo ofishin Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi a matakin jiha, suka kuma raba ɓangaren zartarwa na ciyaman da majalisar kansiloli, wadda aikinta ne ta amince da kasafin kuɗi ta kuma bi yadda aka kashe shi. Jihar Jigawa, da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, ta gaji wannan tsari a ƙananan hukumominta da yanzu suka kai 27. Kowace na da odita na cikin gida da ke duba bauca kafin a biya, da kundin ƙa'idojin kuɗi wanda asalinsa ke komawa ga umarnin da aka rubuta wa baitulmalai, rahoton shekara kuma yana zuwa Majalisar Dokokin Jiha a Dutse. Amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce kason ƙananan hukumomi ya fara sauka a asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi, don haka tsohuwar ɗabi'ar kai bayani sama ta dawo da sabon suna. Kansilan da jam'iyya ɗaya ta tsayar da shi da ciyaman, wanda alawus ɗinsa ke fitowa daga ofishin da aka ce ya bincika, da wuya ya nemi a buɗe masa littafi, balle a lokutan da kantomomin naɗi ke riƙe da hukumar.

Inda idon kansila zai fi amfani shi ne kuɗin shiga na cikin gida, kuma babu inda ya fi Maigatari nuna haka. Kowace Alhamis shanu da raƙuma da tumaki da awaki na kwararowa daga Nijar, dillalai na karɓar la'ada, manyan motoci na lodi zuwa kudancin Nijeriya, masu yankan rasit kuma na tsaye a ƙofofin kara. Tambayar da ta gagari Di'o a kan jangali ita ce har yau take jiran amsa a nan: dabba nawa aka karɓi kuɗinta, nawa kuma aka rubuta. Odita da ke zuwa daga Dutse bayan shekara ta ƙare zai iya gwada ƙullin rasit da takardar banki, amma ba zai iya ƙirga garken da ya wuce watanni da suka shige ba, alhali kansilan mazaɓar yana cikin kasuwar ranar da take ci.

A 2019 hukumar tarayya mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta taƙaita tsabar da za a cira daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, sannan ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta ba da shi ga shugabannin da ba zaɓaɓɓu ba. Hukuncin ya yi magana a kan hanyar da kuɗi za su bi su iso sakatariyar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar, bai ce komai ba a kan wanda zai tsare su bayan sun iso. Wannan aiki yana wuyan majalisun kansiloli huɗu na ƙasar Gumel, waɗanda doka ta riga ta ba su ikon amincewa da kasafi da bin yadda aka kashe shi.