Farantin da Ya Tona Asirin Kwalara

Wata rana ina koyar da darasin tsafta, sai wani ɗalibina ɗan asalin Barwa, wanda gudun hijira ya kawo iyayensa Diffa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kullum kuna cewa ƙwayar cuta na cikin ruwa. Wa ya taɓa ganin ta?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin ko a makarantar horon malamai a allo kawai aka zana mana ita. Ga amsar da na haɗo masa, mai karatu.

Labarin ya faro ne a birnin Balin na Jamus, a ɗakin binciken likita Robert Koch. Matsalarsa ita ce yadda zai raini ƙwayoyin cuta su yi yawa har ido ya gan su, ba tare da sun cakuɗa da wasu ba. Ya gwada yankakken dankalin Turawa. Ya gwada daskararren romo, amma da an kai shi zafin jikin mutum, maki 37, sai ya narke.

Mafita daga madafa ta fito. A 1881, Fanny Hesse, matar wani abokin aikin Koch, ta ba da shawarar a gwada agar, wani abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda take daskarar da kayan zaƙi da shi. Agar ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen maki 85. A 1887 kuma Julius Richard Petri, mataimakin Koch, ya fito da faranti na gilashi mai marfin da ya ɗan fi shi faɗi, iska ta shiga, ƙura ta tsaya waje. Sunansa farantin ke ɗauke da shi har gobe. Na yau galibi na roba ne, akwai ma masu kusurwa huɗu da aka zana wa layuka kamar takardar lissafi, don sauƙin ƙirga abin da ya tsiro.

Saura gane wace ce wace, sai aka koma ga sana'ar marina. A 1884 Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Danmak, ya gano cewa idan aka rina ƙwayoyin da shuɗi mai ja-ja aka wanke da sinadari, wasu na riƙe launin, wasu na saki. Masu saki a yau ana sake rina su da ja. Ƙwayar kwalara da ta sanƙarau duk masu saki ne. A madubin likita ta kwalara a lanƙwashe take kamar waƙafi, kuma haka Koch ya siffanta ta bayan bincikensa a Masar da Kalkata ta Indiya a 1883 da 1884.

To, ina ruwan Barwa da wannan? Kwalarar zamaninmu ta shigo Afirka ta Yamma ta Gini a 1970, a 1971 ta iso yankin Tafkin Chadi. Tun daga lokacin takan ɓace ta dawo. Mu da ke zaune a bakin Komadugu, ruwan da ke shayar da tattasanmu shi ne wasu ke sha, a yi wanki, a shayar da dabbobi. Idan amai da gudawa suka ɓarke, wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu. Farantin Petri ke raba gardama: a shafa bayan-gidan marar lafiya a kan koren agar na musamman, kafin kwana guda ɗigo-ɗigon rawaya su fito, alamar farko ke nan.

Sai dai cibiyar ƙasa da ke tabbatar da sakamakon, wato CERMES, tana Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga Diffa. A 2017, da ciwon hanta nau'in E ya yi ta kashe mata masu juna biyu a jihar nan, sai da aka kai jini Cibiyar Pasteur ta Dakar kafin a san sunan cutar, domin ƙwayarta ba ta tsirowa a faranti. Kowace ranar jira, rai ne.

A watan Yunin 2021 mutanen Barwa suka fara komawa gida bayan shekara shida. Garin da ake sake rayawa na bukatar tsaro da rijiya, amma yana kuma bukatar ɗan gari da zai iya duba ruwan rijiyar ya ce a sha ko kada a sha. Abin da ya buɗe wa duniya ido bai fi faranti da dabarar uwargida da rini ba, kuma duka ukun ba baƙinmu ba ne. Na gaya wa ɗalibina cewa an gan ta shekaru fiye da 140 da suka wuce, saura shi. Allah Ya sa in ga ranar da zai nuna mini ita da hannunsa.