In Gari Ya Waye Fa?

Ƴan'uwa ɗalibai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya taɓa zaman fada da dare, ana jiran shayi na biyu ya nuna, ya san irin kiɗan da ke tashi daga salularmu. Rabinsa da Ingilishi ne, Ingilishinmu na kolej kuwa bai wuce gaisuwa ba. Muna kaɗa kai, muna bin amshi da baki, ba mu san mi ake cewa ba. A hutun bana na zauna da wani abokina mai karatun Ingilishi a jami'ar Yamai, muka bi wasu tsofaffin waƙoƙin Amurka ɗaya bayan ɗaya, yana warware mini su.

Da can na ɗauka duk waƙarsu da ta shafi kwanan dare ɗaya, wato namiji da mace su haɗu ba aure ba alkawari, da safe kowa ya kama gabansa, kirarin holewa ce kawai. Akwai irin waɗannan, da yawa ma. Amma waɗanda suka daɗe a bakin mutane, safiya suka fi damuwa da ita. Tambaya guda ce ke ta dawowa cikinsu sama da shekara 50, sai dai bakin mai yin ta ya canza.

A ƙarshen 1960 wasu ƴan mata huɗu baƙar fata daga garin Passaic na jihar New Jersey, da ake kira The Shirelles, suka fitar da Will You Love Me Tomorrow. Budurwa ce ke magana da saurayinta a daren da ta yarda da shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. So take ta san ko daɗin bakin da yake mata yanzu zai kai gobe. A Janairun 1961 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard, karo na farko ke nan da ƙungiyar ƴan mata baƙar fata ta kai wurin. Wasu gidajen rediyo sun ƙi saka ta, wai ta yi rashin kunya. Waɗanda suka tsara ta mata da miji ne, Carole King ta yi kiɗan, Gerry Goffin ya rubuta kalmomin. King tana da shekara 18 lokacin, an kuma ɗaura musu aure a 1959 tana ɗauke da ciki. Kun ga ashe ba daga littafi suka ɗauko tambayar ba.

A wannan shekara ta 1960 ce hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki. Tsoron ciki ya ragu, mutane da yawa suka ɗauka tambayar budurwar nan ta mutu ke nan. Waƙa ta bi zamani. A 1968 Merrilee Rush ta rera Angel of the Morning, inda macen ke nuna ita ta zaɓi daren da kanta, ba ta kuma bin kowa bashin komi. To amma ku saurari muryar. Mai cewa ba ta neman komi, ga ta tana roƙon ɗan tausasawa kafin a rabu. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, a waƙa kuwa murya ake tambaya. King ita ma ta koma ga tsohuwar waƙarta a 1971 cikin faifanta Tapestry, ta rage mata sauri, ta rera ta da kanta bisa fiyano. Kiɗan rawa ya koma kamar na mai zaman makoki, kalmomin kuwa ko ɗaya bai canza ba.

Zamanin disko ya yi ƙoƙarin share safiya daga waƙa gaba ɗaya. A 1975 Donna Summer ta ɗauki Love to Love You Baby a birnin Munich na Jamus, waƙa mai kusan minti 17 wadda babu komi cikinta sai daɗin jiki. Ta yi kasuwa ƙwarai. Daga baya Summer ta koma ga addininta na Kirista, ta yi shekaru da yawa ba ta yarda ta rera ta gaban jama'a ba. Wadda ta rera dare, ita ma safiya ta riske ta.

Sai 1981, likitocin Amurka suka ba da rahoton farko na cutar da muka sani yau da sunan sida. Daga nan tsoro ya shigo cikin kiɗan. Billie Jean ta Michael Jackson, wadda ta fito a 1983 kuma iyayenmu suka taka rawarta a kaset, labarin namiji ne da wata mace ta ce ɗanta nasa ne, shi kuwa yana ta rantsuwa ba nasa ba ne. Nan namiji ne ya firgita, amma ku lura da abin da ya firgita shi: kada a kama shi, kada sunansa ya ɓaci. Halin da macen da jaririn ke ciki bai dame shi ba. A 1991 ƙungiyar Salt-N-Pepa ta yi waƙar kiran mutane su daina kunyar maganar jima'i, har suka sake mata kalmomi ta koma kan sida. A Nuwamban shekarar ɗan wasan kwando Magic Johnson ya shaida wa duniya yana ɗauke da ƙwayar cutar. A Maris na 1995 ta kashe mawaƙin rap Eazy-E. Cikin wannan shekarar Waterfalls ta ƴan matan TLC ta yi sati 7 a matsayi na ɗaya, kuma baitinta na biyu labarin wani ne da ya bi sha'awa yana ganin jikinsa na ƙarewa a madubi.

Nan ne tarihin ya taɓo mu kai tsaye. Rap ɗin da ya tashi a Yamai cikin shekarun 1990 daga Amurka da Faransa ya ɗauko salo, kuma sida na cikin manyan abubuwan da ƴan rap ɗinmu suka yi ta rerawa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Sun yi aiki, Allah ya saka musu. Sai dai galibin waɗanda na ji gargaɗi ne: ka kama kanka, ka kare jikinka, ka je awon jini. Maganar jini da cuta ta samu waƙa. Abin da mutum ke ji in ya farka ya ga wanda ke gefensa yana neman takalminsa bai ko dube shi ba, wannan bai samu ba.

A 2014 tambayar 1960 ta dawo, wanga karo daga Landan, cikin Stay With Me ta Sam Smith. Mai magana cikin waƙar namiji ne. Ya san haɗuwar ta dare ɗaya ce, ya san babu so a ciki, duk da haka yana roƙon kada a tafi a bar shi shi kaɗai. Ta ci kyautar Grammy ta waƙar shekara a 2015. Bayan shekara 54, ga wata babbar waƙa ta sa namiji ya faɗi abin da budurwar Passaic ta faɗa, ba tare da ya fake da fariya ba.

Mu nan mun san wa ke biyan kuɗin safiya. Ita ake nunawa da baki a unguwa, ita ke barin lakwal in ciki ya fito, ita ake yi wa habaici a gidan biki. Shi kuwa ya dawo fada ya ba da labari, mu yi shewa, mu tafa. Ni ma na tafa, ba sau ɗaya ba. Ban taɓa tambayarsa yadda ya kwana bayan nan ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, don mun koya wa juna cewa namiji ba ya jin komi.

Da na koma Damagaram na kunna waƙar The Shirelles a fadarmu, ina fassara musu abin da take nufi. Wanda ya fi kowa labarin ƴan mata ya ce, “Kai malam, canza mana wannan, ta tsofaffi ce.” Na canza. Can da aka watse, muna wanke kofunan shayi mu biyu, sai ya miƙo mini salularsa ya ce in tura masa ita.