Daga Langa zuwa Tseren Mita Ɗari a Ƙasar Haɗeja

Wasannin samarin ƙasar Haɗeja na dauri sun bi kalandar noma ne. Da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu, sai a buɗe fagen kokawa da kiɗa, yara kuma su cika dandali da langa a farin wata. Langa, inda ɗan wasa ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle, ita ce makarantar sauri da kaucewa, domin ɗan wasan da ake kira "ruwa" sai ya tsere wa abokan hamayya kafin ya sha, wato ya kai wurin da aka tsayar.

Bayan Turawan Ingila sun ci Haɗeja a 1906, makarantun boko suka kawo gudu mai awo da agogo. Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, ta ba masu gudun jihohi fagen gwada ƙafa.