Amfanin shan gahawa ga lafiyar jiki

Gahawa, wadda wasu ke kira kofi, ta shafe shekaru 25 a cikin jerin abubuwan da ake zargin suna haddasa ciwon daji, kafin masana su wanke ta.

A shekarar 1991 ne cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na ƙasar Faransa, ta ce mai yiwuwa ne gahawa na da hannu a ciwon dajin mafitsara.

To amma a 2016, bayan nazarin bincike fiye da 1,000, cibiyar ta janye wannan zargi. Hasali ma ta ce ba a cika samun dajin hanta da na mahaifa a tsakanin masu shan ta ba, in an kwatanta da waɗanda ba sa sha.

Asalinta

Itacen gahawa ɗan asalin ƙasar Habasha ne, amma Sufayen Yaman ne aka fara sani da shan ta a ƙarni na 15, domin korar barci yayin ibadar dare.

Sinadarin kafin da ke cikinta ne ke wannan aiki. Yakan toshe hanyar wani sinadari da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya gaji.

Abin da bincike ya nuna

A 2017, masana a Jami'ar Southampton da ke Ingila sun tattara nazarce-nazarce sama da 200, suka wallafa sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya, BMJ.

Sun gano cewa masu shan kofi uku zuwa huɗu na gahawa a rana su ne suka fi cin moriyarta, musamman ta fuskar raguwar cututtukan zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ƙandarewar hanta.

Haka kuma ciwon sukari nau'i na biyu bai cika kama su ba. An ga hakan har ga masu shan wadda aka cire wa kafin, abin da ke nuni da cewa sauran sinadaran da ke cikinta ma na taka rawa.

Sai dai masanan sun yi gargaɗin cewa alaƙa suka gani, don haka kada a ɗauki gahawa a matsayin magani.

Inda gizo ke saƙar

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 na kafin a rana, wato kimanin kofi huɗu, ba ya cutar da baligi mai ƙoshin lafiya. Ga mai juna biyu kuwa, iyakar ita ce miligiram 200.

Wuce wannan ƙa'ida kan jawo bugun zuciya da sauri, da rawar hannu, da rashin barci, domin jiki kan ɗauki kimanin sa'o'i biyar kafin ya kawar da rabin kafin ɗin da aka sha.

Yadda ake haɗa ta ma abin lura ne. Wadda aka tafasa ba a tace da takarda ba tana ƙara kitse a jini, yayin da cika mata sukari da madara ke rage alfanunta.

Batun zafi kuwa, cibiyar ta Lyon ta ce duk abin shan da ya haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, gahawa ne ko shayi, na iya haddasa ciwon dajin maƙoshi. Shawara a nan ita ce a bari ya ɗan huce kafin a kurɓa.